Bayan zana, ranar da Kolonel ya zo gaisuwa

Ban iya rubutu ba. Ɗiyar ƙanwata ce ke riƙe da biro, malama ce a wata lakwal, makarantar boko, a Tasawa, ta zo mini hutu na ce ta zauna ta rubuta abin da zan faɗa yadda na faɗe shi, kar ta gyara mini komai. Idan kuka ya zo mini ta dakata. Ina so a sami wuri guda da maganata take ajiye yadda ta fito daga bakina, domin akwai ranar da na ba da magana a kai mini, ba ta isa yadda na aika ta ba, kuma a kan haka ne autana ya bar gida.

Mijina tsohon soja ne. Garinmu yana kan hanyar Urafane, kuma duk garin Kaparal suke ce masa, har limami. Ni daga Gidan Amumune aka kawo ni gidansa. Direba ne a soja. Shekarun da aka yi rikici a arewa yana can cikin duwatsu, ni ina nan da goyo ina bin ƴan'uwansa gona. Ya dawo da ɗingishi a ƙafar hagu, da kunne guda da ya daina ji. Ya koma wa gero da wake kamar bai taɓa barin su ba. Ba ya hirar soja a dandali. Idan samari suka tsokane shi sai ya juya musu mataccen kunnen, ya ce su yi ta magana.

Labari guda kawai ya taɓa ba ni, wata kaka, muna zaune ƙarƙashin gawon gona muna ɓarar wake. Ya ce sun fita sintiri da mota biyu, shi yana tuƙa ta baya. Ta gaba ta taka nakiya, fashewar ta samu Kaparal a ƙafa da kunne. Shugabansu a ranar ƙaramin hafsa ne, saurayi, ko aure bai yi ba. Shi da hannunsa ya tattara mutanensa, ya naɗe kowa a bargo. Da ƙafar Kaparal ta warke har yana iya taka mota, hafsan nan ya nemi a ba shi shi, ya tuƙa shi gidan kowane ɗaya daga cikin mamatan. Ba dole aka yi masa ba. Yadda aka saba, takarda ake aikawa jandarma su kai labari.

A wani ƙauye suka sami uwar ɗaya daga cikinsu. Ta ga baƙi da kaki, ta shimfiɗa tabarma, ta shiga dama fura. Hafsan ya bar ta ta gama damu don ya rasa ta inda zai fara. Ta ajiye ƙwarya a gabansu, sannan ya faɗa mata. Kaparal ya ce matar ba ta yi ihu ba. Ta dube su ta ce, wa ya tambaye ni kafin a ɗauke shi? Furar nan babu wanda ya taɓa ta.

A hanyar dawowa hafsan ya yi rantsuwa biyu, mijina yana ji da kunnensa mai rai. Ta farko, ba zai sake cewa ɗan wata ya shiga soja ba sai ya ji daga uwarsa. Ta biyu, ba zai sake fita da mota biyu ba. Ya ce da sun kai mota ashirin, da masu binciken hanya a gaba, da babu wanda zai yi ƙarfin halin binne musu komai. Kaparal ya ce mini shi tun daga ƙofar matar nan ya gama da yaƙi. Hafsan kuwa ya ga abin da ya gani ya ce ƙarancinsu ne ya cuce su.

Muna da ƴaƴa maza biyu, sauran mata ne, duk suna gidajensu. Babban, wanda bakina ba ya kiran sunansa don ɗan fari ne, ya tafi Maradi ya shiga soja bai tambayi kowa ba. Uban ya yi wata guda ba ya cin tuwo sosai. Aka kai shi gabas, bakin tafki. Shekara uku yana zuwa hutu yana komawa. Wata rana da hantsi ina daka, na ga maigari ya shigo da jandarma biyu a bayansa. Na ajiye taɓarya na zauna a ƙasa tun kafin su yi sallama. Har yau ban ga kabarinsa ba. An ce mini yana cikin jeri, da lamba a kansa.

Bayan sadakar arba'in Kaparal ya kira auta, ya zaunar da shi a gabana. Ya ce, ba za ka sa kaki ba sai uwarka ta yarda, kuma a gaban mutane. Auta ya ce ya ji, ya ɗauki alkawari. Uban ya san abin da yake yi, ya san ba zan taɓa yarda ba. Auta ya ci gaba da noma da damana, da rani kuma yana kabu-kabu tsakanin Urafane da Tasawa. Mai biyayya ne, ba ya ɗaga mana murya. Amma hoton yayansa da kaki yana kan fuskar wayarsa, ina ganin sa duk lokacin da ta yi haske.

Sai shekarar zaɓe ta zo. Hafsan nan ya girma ya zama kolonel, ya ajiye aiki, ya ce yana neman shugabancin ƙasa. Wata la'asar auta ya shigo da radiyo a hannu.

"Baba, ga mutuminka yana magana."

"Kawo ta wannan kunnen. Wancan ya tafi hutu."

Muka ji shi. Muryarsa ba ta ƴan siyasa ba ce, ba ya ihu. Ya ce shi ba a littafi ya karanta yaƙi ba. Ya ce masu cewa a zauna a sasanta da ƴan bindiga ba su taɓa ɗaukar gawar abokinsu ba. Ya ce idan aka ba shi ƙasa zai ɗauki samari da yawa, daga kowane gari, a ba su kayan aiki na gaske, a yi abin sau ɗaya a gama, a daina tura ƴan kaɗan suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Kaparal ya girgiza kai. "Har yanzu yana kan hanyar nan. Bai sauko daga motar ba."

"To ƙarya ya faɗa, Baba?"

"Bai taɓa yin ƙarya ba. Shi ya sa nake tsoronsa."

"Ke nan ba za ka zaɓe shi ba."

"Idan ya ce in tuƙa shi Agadas da ƙafa guda, yanzu zan tashi. Ƙuri'a kuwa ta uwarka ce. Tsohuwa, wa za mu zaɓa?"

Na ce wanda zai gyara mana famfo. Suka yi dariya su biyu. Auta ya fita da radiyon manne a kunne, kuma na lura bai kashe ta ba sai da jawabin ya ƙare.

Kaparal bai ga zaɓen ba. Gero ya fara nuna, zazzaɓi ya kwantar da shi. Muka kai shi likita Tasawa, kwana uku Allah ya karɓi abinsa. Shekara arba'in da wani abu muna tare. Ki dakata kaɗan, ɗiyata.

Na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Yayar mijina ta taho daga ƙauyensu da ƙunshin kayanta ta zauna da ni, domin ita ce babba a dangi, ita za ta kula da yadda zan yi zaman. Ta sa aka kafa zana a gaban rumfar ɗakina, tsayinta ya wuce kan mutum. Ta sauke ni daga gado zuwa tabarma. Ba kwalli, ba lalle, ba turare, zane guda tsoho. Idan zan zagaya bayan gida sai na riƙe ƴar wuƙa a hannu, in taka a hankali. Babban abin da ta fi tsarewa shi ne murya. Ta ce muryar mai takaba ba ta ƙetare zana, kuma namiji wanda ba ɗanta ko ɗan'uwanta ba ba ya jin ta. Idan an zo gaisuwa in raɗa mata a kunne, ita ta faɗa. Ta ce macen da ta saki murya cikin takaba tana takura wa mijinta a kabari. Haka na ga an yi wa uwata, haka na ga an yi wa kowa. Ban taɓa tambaya ba.

Kaka ta wuce ina jin ta da kunne. Na ji amalanke suna shigowa da dammunan hatsi, na ji mata suna sussuka a bayan gari, na ji ƙanshin harawar wake da auta ke jibgewa kan rufin ɗaki. Motocin ƴan parti suna wucewa da lasifika, kowa da waƙarsa. Ni ina cikin wuri mai taku huɗu a tsaye, taku uku a kwance. Na san kowane kara na zanar nan. Akwai wata ƴar kafa daidai idona idan ina zaune, ta nan nake ganin rumbu da rabin turken akuya.

Na yi wata biyu da ƴan kwanaki a ciki, ranar nan bayan azahar na ji motoci sun tsaya a ƙofar gida, ba ɗaya ba. Auta ya shigo da sauri ya ce Kolonel ne. An yi miting a Tasawa, wani ya gaya masa tsohon direbansa ya rasu, ya ce a juya da shi. Yaya ta jawo mayafi ta rufe ni har goshi. Aka yi gaisuwar maza a waje. Sai aka aiko cewa yana so ya shigo ya gai da matar mamaci. Aka ajiye masa kujera dab da zana. Maigari da limami da mutanensa suka tsaya a tsakar gida.

Ta kafar nan na gan shi gunduwa-gunduwa: takalmi baƙi, farar riga, hannu mai jijiyoyi a kan gwiwa. Da ya sunkuyo na ga furfura. A labarin mijina saurayi ne, ban taɓa tunanin shi ma ya tsufa ba.

"Baiwar Allah, ya haƙuri?"

Na raɗa wa Yaya, ta ce, "Ta ce haƙuri sai godiya."

"Mijinki ya tuƙa ni gida bakwai da ƙafa mai ciwo. Ko sau ɗaya bai ce ya gaji ba. A hanya ba ya magana, ni ma ba na yi. Ban sake samun abokin tafiya irinsa ba. An gaya mini kun rasa babban ɗanku a gabas. Abin da ya ci shi, shi ya ci mutanena. Ana tura mutum goma inda ake bukatar ɗari. Mutane suna cewa wai ina son yaƙi. Wanda ya naɗe abokinsa a bargo ba ya son yaƙi. So nake a gama shi, kuma ba a gama shi da mutum kaɗan."

Na ji mutanensa suna cewa gaskiya ne, ranka ya daɗe. Shi bai kula su ba. Ni kuwa zuciyata ta yi sanyi da shi, ba zan ɓoye ba. Tun rasuwar ɗana babu wani babba da ya zauna ya yi mini maganarsa.

Sai na ga gwiwoyin auta sun sauka ƙasa a gaban kujerar.

"Ranka ya daɗe, ni ne ƙaramin. Ina so in shiga soja."

Ya tambaye shi shekarunsa da sana'arsa. Sannan ya ce, "Ni na ajiye kaki, ba ni ke ɗauka ba. Idan aka buɗe a Maradi ka je ka yi gudu kamar kowa. Ƙasa tana bukatar irinka, wannan ba na shakka. Amma ni ba na ce wa ɗan kowa ya tafi sai na ji daga uwarsa." Takalmansa suka juyo wajen zana. "Uwarsa ta yarda?"

Na kamo wuyan Yaya na kai bakina kunnenta. Ki rubuta wannan da kyau, ɗiyata. Na ce mata, "Ki ce masa na ba da ɗaya, ya bar mini wannan. Ban yarda ba."

Yaya ta gyara zama ta ɗaga murya. "Ta ce ta gode. Allah ya saka da alheri, Allah ya ba da sa'a."

Na ja zanenta. Ta ɗora hannu a gwiwata ta danne. Mutane suka fara cewa madalla. Amma Kolonel bai motsa ba.

"Haka ta ce? Da zan so in ji da kaina."

"Ranka ya daɗe, mai takaba ce, muryarta ba ta fita. Abin da ta ce ke nan."

Ya jira. Allah shaida ne mutumin nan ya jira, kamar tsawon a zura guga rijiya a jawo. Tsakanina da shi kara ne kawai, da na miƙa hannu da na taɓa rigarsa. Kalma guda ake bukata. Na buɗe baki. Na tuna mijina a kabari, na tuna limami yana tsaye, na tuna za a ce matar Kaparal ta yi wa babban baƙo ihu cikin takaba. Na mayar da bakina na rufe. Sai limami ya ɗaga hannu ya ce a yi fatiha, kowa ya shafa. Kujerar ta yi ƙara, takalman suka juya, motoci suka tashi.

Da gida ya watse na juya kan Yaya. Ko faɗan ma da raɗa na yi shi.

"Yaya, me na yi miki?"

"Asiri na rufa miki. Mutum kamar wannan ya tako gaisuwar ƙanena, gaban maigari, gaban limami, in buɗe baki in ce masa a'a? A gidanmu ba a yi wa mai gaisuwa haka."

"Ai shi ya tambaya."

"Tambayar manya ce, ta girmamawa. Ana amsa ta da godiya." Ta ci gaba da tsinke zogale a faranti. "Kuma ke, babur ɗin da yake hawa kullum ba ya kashe mutane? Kwana idan ya ƙare ko a kan tabarmar nan ne sai a tafi. Ki bar yaro ya zama mutum."

Ban ce mata muguwa ba ce, har yau ban ce ba. Ta yi wata huɗu tana dafa mini abinci tana ɗebo mini ruwa da tsufanta. Abin da ta sani ta yi.

Washegari da safe auta ya kawo mini kunu. Ya tsuguna a bakin rumfa, bai dube ni ba.

Na ce, "Abin da Gwaggonka ta faɗa jiya, ba shi na ce ba."

"Na sani, Inna."

"Ka sani?"

"Na ga zana tana rawa lokacin da kika ja zanen Gwaggo."

"To?"

Ya daɗe yana zana ƙasa da tsinke. "Baba cewa ya yi a gaban mutane. An faɗa a gaban mutane. Jiya har Urafane an ji. Abokaina sun fara ce mini soja." Ya ɗago. "Idan kin kira maigari da limami kin gaya musu da bakinki Gwaggo ta juya magana, zan zauna. Wallahi zan zauna, Inna. Alkawari na ɗauka. Amma kar ki ce ni in je in faɗa. Za a ce tsoro ne ya kama ni na laɓe bayan uwata."

Ya san abin da ya roƙa. In kira maza biyu cikin takaba, in saki murya, in ƙaryata yayar mijina a gidan ƙanenta. Na ƙirga kwanakin da suka rage mini, sun fi hamsin. Na ce a raina idan na fita zan je gidan maigari da ƙafata in warware komai. Na aiki maƙwabciyata wajen matar limami ta shaida mata yadda aka yi. Amsa ta dawo cewa in yi haƙuri in gama zamana, maganar dangi ce, za a zauna a kai bayan na fita.

Ɗaukar sojan ba ta jira ni ba. Aka yi sanarwa a radiyo saura mini kwana ashirin. Auta ya riga ya cika rumbu, ya gyara jinkar ɗakina, ya tara mini itace har ya kai katanga. Ya bar wa ɗan ƙanen ubansa babur. Duk ina kallo ta kafar zana, ina ganin mutum yana shirin tafiya, kowace safiya ina cewa yau zan aika a kira maigari, kowace yamma ban aika ba. Ranar da zai tafi ya zo bayan sallar asuba, gari ya waye, ya durƙusa.

"Inna, zan tafi. Ki ce wani abu."

Abu biyu ne a gabana. Ko in hana shi a ɗaki, inda babu mai ji, ya tafi da fushina a kansa, domin na ga idonsa, tafiya zai yi. Ko in sa masa albarka. Babban ya tafi ba albarkata, na san yadda wannan yake ci na har yau. Na ɗora hannu a kansa na ce Allah ya tsare, Allah ya dawo mini da kai. Ya ajiye mini ƴar waya a tabarma, ya nuna mini koren maɓalli. Ko ƙofar gida ban raka shi ba, ba a yarda ba. Na ji babur ɗin da zai kai shi ya tashi, na bi ƙararsa da kunne har ta ɓace wajen hanyar Tasawa.

Ya ci gudun, aka ɗauke shi.

Ranar da takaba ta cika mata suka taru, aka yi mini wanka da kitso, aka ba ni sabon zane, aka cire zana. Suka ce in fita in gai da dangi. Na fita ƙofar gida na tsaya. Hanya tana nan yadda na bar ta. Na rasa wajen wa zan je, na rasa abin da zan je in warware. Na gai da gida biyu na dawo.

Zaɓe ya wuce ina ciki, ban jefa ƙuri'a ba. Kolonel bai ci ba. Yaƙin ma bai tsaya ba, waɗanda suka hau suna ta ɗaukar samari su ma. Wasu a garin nan suna cewa shi ya ɗauke mini ɗa. Ni ba na cewa haka. Ya riƙe rantsuwarsa ta farko, ya tambaya har sau biyu. Rantsuwarsa ta biyu ce ta shigo gidana ta radiyo tun kafin ya zo, ta zauna a kunnen autana. Wani lokaci ina tunanin da ya ji a'a daga bakina me zai yi. Kaparal ya ce mutumin ba ya ƙarya. Ina jin da ya dafa kafaɗar auta ya ce masa zauna ka yi noma, ya je gari na gaba ya nemi ɗan wata.

Shekaranjiya da na fara ba wa ɗiyar nan labarin, ta ajiye biro ta ce, "Inna babba, wa ya ce muku addini ya hana?" Na ce hana me. Ta ce malaminsu na islamiyya ya karantar da su takaba. Zaman gida gaskiya ne, barin ado gaskiya ne, amma babu inda aka ce mace ba za ta amsa wa namiji magana daga bayan shamaki ba idan da bukata. Wuƙar ma da raɗar duk al'ada ce, ba ta isa kabarin kowa. Na ce ta sake faɗa. Ta sake. Na tashi na shiga ɗaki, ranar ba mu ƙara rubuta komai ba. Da ba ta gaya mini ba da ya fi mini sauƙi, amma ban ce ta yi laifi ba.

Yanzu auta yana yamma, ba ya faɗa mini sunan wurin. Damana biyu ke nan. Yana kira idan ya samu dama, ba rana tsayayya, wani lokaci sati guda, wani lokaci wata ya wuce. A gidan nan rezo, wato layin waya, ba ya kamawa sai a gindin rumbu, wajen turken akuya. Na ɗaura wayar a tsumma na rataye ta a nan. Idan za a kai ta caji wajen mai sola, ba na iya cin abinci sai ta dawo. Ba na zuwa kasuwar Urafane. An yi sunan jikata a Gidan Amumune ban je ba, na aika da haƙuri. Sau ɗaya na je gaisuwar mutuwa bayan gari, na dawo aka ce wayar ta yi ta kuka, sai da na yi kwana goma sha tara kafin ya sake kira. Tun ranar iyakata ƙofar gida. Mata suna cewa matar Kaparal ta ƙi fita daga takaba. Ina shimfiɗa tabarma daidai inda nake hangowa da ta kafar zana, in zauna in tsinci wake.

Idan ya kira ba ya wuce gaisuwa. Inna ya jiki, ya akuya, an yi shuka? Ni ma ba na ce masa komai sai lafiya. Ya ce idan ya cika shekarun da ya sa hannu za a tambaye shi ko zai ƙara. Na ce masa ranar da za a yi tambayar ya gaya mini tun da wuri. Zan sa a kira maigari da limami, su tsaya a nan gindin rumbu, a buɗe wayar kowa ya ji. Ya ce layi yana yankewa.

Ɗazu na ce wa ɗiyar nan ta karanta mini abin da na raɗa wa Yaya, in ji ko ta rubuta daidai. Ta karanta. Sai na ga ban taɓa jin maganar da ƙarfi ba, ko daga bakina. Na tashi tsaye a tsakar gida na faɗe ta yadda ake kiran mutum daga gona: na ba da ɗaya, a bar mini wannan, ban yarda ba. Muryar ta fita, ba ta maƙale ba. Akuya ta ɗago kai. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce, lafiya, ke da wa? Na ce ba kowa.

Yau kwana goma sha ɗaya bai kira ba. Ki duba mini wayar, ɗiyata, ki ga ko da sauran caji.